Kwafin Gwaji

Shekara biyu da wata huɗu ke nan ina jiran kalma ɗaya daga bakin Abba, kuma abin haushin, ni ce bakin nasa.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi harshensa ya yi nauyi. Magana takan taso masa, ta maƙale a tsakiya, ya koma ya ɗauko ta daga farko. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran agogo, yana ba masu kawo gyara labari har su manta abin da ya kawo su, sai ga shi ba ya buɗe baki a gaban baƙo. In akwai mutane a falo sai ya yafuto ni, in kai kunne, ya faɗa a hankali, ni kuma in maimaita.

Yaya ba ya gane rabin abin da yake cewa. Gwaggo, ƙanwar Abba, tana ganewa sarai, amma kafin maganar ta fito daga bakinta ta riga ta zama tata. Umma ta rasu tun kafin ciwon. Saura ni, Auta.

Duk abin da Abba yake so ta bakina yake fita, ban da amsar da zai ba mutumin da nake so. Bai ce a'a ba, bai ce e ba. Duk ranar da na taɓo zancen sai ya ce a dakata.

A gidanmu ba a kiran sunan mutumin nan. Mai Gem ake ce masa. Gwaggo ce ta laƙa masa, kuma in za ta faɗa sai ta yatsine fuska kamar ta tauna tsakuwa. Da rana yana gyara wa wani kamfani manhajarsu, da yamma kuma ya koma ɗakinsa ya duƙufa a kan wasan kwamfutar da ya shekara uku yana ƙirƙira. A wurin Gwaggo, namiji mai shekara talatin da biyu da ke wannan aikin yaro ne da gemu ya fito wa bisa kuskure.

Wanda take so shi ne Manaja, abokin Yaya, mai kula da babban shagon kayan lantarki na bakin titi. Ga hankali, ga tsabta, ga gaishe da manya. Da mugu ne da na huta, sai in ƙi shi da hujja. Amma bawan Allah bai taɓa yi min komai ba, sai dai in na gan shi zuciyata ba ta ko motsi.

“Kina ashirin da takwas,” Gwaggo takan ce. “Ƙawayenki suna kai 'ya'ya makaranta, ke kina koyar da 'ya'yan wasu lissafi kina jiran mai wasan yara. Sai yaushe?”

Ni ma da na san yaushen da na faɗa mata.

*

Da aka ba da hutun ƙarshen shekara, 'yan biyun Yaya suka zo da sakamako mai kyau, Babba ta ɗaya, Ƙarama ta uku. Uban ya yi musu alkawarin gem. Sai ga shi ranar Laraba ya ce wai aiki ya sha kansa, in je shagon Manaja in zaɓo musu, tunda ni na san halin yara. Ina jin haka na san hannun Gwaggo ne. Ni kuma da taurin kai irin nawa, na ce to, na buga wa Mai Gem waya ya raka ni, ai shi ne masani.

Manaja ya tarbe mu a bakin bene da fara'arsa. Ya gan mu tare, murmushin bai ragu ba, sai dai ya daɗe yana gyara wuyan rigarsa. Ya kai mu sashen gem da kansa. Bango guda faya-fayai ne tun daga ƙasa har sama, ga talabijin uku suna ta walƙiya, ana bugu a wannan, ana harbi a wancan.

Ya zaro guda uku ya jera a kan gilashi: na ƙwallo, na tseren mota, da na wani soja mai bindiga biyu. Ya ce waɗannan ne aka fi ɗauka a wannan hutun, in na rufe ido na ɗauki ko wanne ba zan ji kunya ba.

Mai Gem ya ɗauki na ƙwallon ya juya bayansa. Na san wannan juyawar, na kuma san abin da ke biyo ta, na taka masa ƙafa amma ina, ya riga ya hau. Ya ce wannan shi ne na bara, shi ne na bara waccan, riguna kawai aka canza wa 'yan wasan.

“Ai ƙwallon ma ba ta canza ba,” in ji Manaja, “kuma ba a daina kallonta ba.”

Masu sayayya biyu da ke kusa suka yi dariya. Kunnuwan Mai Gem suka ɗauki zafi. Ya nuna bangon nan da hannu ya ce faya-fayai sun fi ɗari biyu, amma wasa huɗu ne kawai a ciki: gudu, harbi, bugu, tuƙi. Ya ce masu yin su matsorata ne, kowa yana leƙen takardar na kusa da shi. Ya ce an mayar da yara injin danna maɓalli, ba wanda ya taɓa tambaya ko yaro yana da kunne, ko yana da haƙuri.

Manaja ya bar shi ya gama. Sannan ya ce shi dai shekara tara yana tsaye a wannan wurin, bai taɓa ganin yaron da ya shigo yana neman sabon abu ba. Abin da ya gani a gidan abokinsa yake nema, don in an koma makaranta ya samu bakin magana. Ya ce kyauta ba wurin gwada basira ba ce, wurin faranta wa yaro ne.

Wallahi na ji zafin maganar, don na san akwai gaskiya a ciki.

Mai Gem ya ce ai yaro ba zai nemi abin da ba a taɓa nuna masa ba. Manaja ya gyaɗa kai kamar ya yarda, ya waiwaya ya dubi bangon daga sama har ƙasa.

“To naka yana wane layi? In ɗauko wa Malama.”

Na so in ja hannun rigar Mai Gem mu fita, sai na ji ya ce ranar Asabar zai kai wa yaran nasa har gida, Manaja ma ya kai wanda ya zaɓa, a bar su su faɗi wanda suke so. Manaja ya ce ba laifi, dama yana da niyyar zuwa gaishe da Abba.

Na fito shagon hannu rabbana, ban zaɓi komai ba, na dai haɗa wa kaina taro.

*

Da yamma na shiga ɗakin Abba. Yana zaune gaban ƙaramin teburinsa, gilashin ido ɗaya a maƙale, yana ƙoƙarin kama wata 'yar mitsitsiyar ƙusa da hannun hagu. Tun bayan ciwon ba a kawo masa gyara, agogunan gidan yake kwancewa ya mayar. A ɗakin nan ne kawai yake sakin baki ya yi magana, ya maƙale, ya sake, ba ya jin kunyata.

Na ba shi labarin shago tas. Ya yi dariya da rabin bakinsa har sai da ya cire gilashin. Ya ce su zo dukansu, yana so ya ga abin da yaron nan yake yi da hannunsa. Sannan ya ƙara da cewa in ya ga aikin zai ba ni amsa.

Na fita daga ɗakin ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Na kira Mai Gem na faɗa masa, ya yi ta maimaita “da gaske?” kamar wanda aka ce ya ci jarrabawar da bai zauna ba. Kwana ukun nan ban ƙara jin duriyarsa sosai ba. In na kira sai ya ce yana share tarkacen gwaji, yana so ya fitar da kwafi mai tsabta. Ban san mene ne tarkacen gwaji ba, ban kuma tambaya ba.

Ranar Asabar da azahar falonmu ya cika. Abba a kujerarsa ta kusa da taga, sandarsa a jingine, ni a ƙasa kusa da gwiwarsa. Yaya da matarsa a doguwar kujera. Gwaggo ta sha ado kamar ita ake zuwa gani.

Manaja ne ya fara. Ya shigo da kwali an naɗe shi da takarda mai ƙyalli, yaran suka farke shi kafin ya zauna. Na'ura ce sabuwa da faifan tseren mota. Cikin minti biyar an jona, falo ya kaure da ƙarar inji da ihun 'yan biyu. Suka yi ta karo da bango suna ƙyalƙyala dariya. Gwaggo tana kallona ta gefen ido tana kaɗa ƙafa.

Mai Gem yana takure a kujerar bakin ƙofa da jakarsa a cinya. Idanunsa sun yi ja, rigarsa an goge gaba an manta baya. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina.

Da aka ba shi fili ya jona kwamfutarsa da talabijin, ya miƙa wa Babba rimot. Allon ya yi baƙi. Gwaggo ta ce ko ya lalace ne tun ba a fara ba. Ya ce a'a, haka yake, a saurara.

Sai muka ji ɗigar ruwa, ɗis, ɗis, daga gefen dama. Wata 'yar yarinya ta bayyana a tsakiyar duhu da fitila ƙarama wadda ba ta haska komai sai ƙafafunta. Ya ce garinsu ne hasken ya ɗauke, kuma ba za ta kai gida ba sai da kunne. In ta bi ƙarar famfo za ta samu kwana, in ta bi keken ɗinki za ta samu titi.

Yaran suka yi tsit. Ƙarama ta rufe idonta tana cewa hagu, hagu, ga tela can. Babba ta bi, sai ga taga ta haskaka, suka yi tsalle. Matar Yaya ta ajiye wayarta. Har Yaya ya fara cewa a'a ku koma baya, ƙararrawar tana can.

Na ji yatsan Abba a kafaɗata. Na kai kunne. Na ɗago na ce Abba yana tambaya wa ya yi sautukan nan. Mai Gem ya ce shi ya bi ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, famfon gidansu ne, keken na telan layinsu ne, ya kwashe wata biyu yana neman ƙofar da kukanta ya yi masa.

Abba ya sake yafuto ni. Na saurara, na ɗago na maimaita.

“Abba ya ce wannan aikin da kunne aka yi shi, kamar gyaran agogo.”

Gwaggo ta ce ita ba ta ji ya faɗi haka ba, ƙari na yi. Abba ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ta ja bakinta. Manaja kuwa, Allah ya sani mutumin kirki ne, ya ce gaskiya bai taɓa ganin irin wannan ba a duk abin da ke shagonsa.

Na dubi Mai Gem ina so mu haɗa ido. Ba ni yake kallo ba. Ƙasan allon yake kallo, inda wani ɗan jan rubutu yake, GWAJI 14, kuma fuskarsa ta koma kamar toka.

Matakin farko ya ƙare. Maimakon na biyu, sai wasan ya yi tsalle ya dire a gaban wata ƙatuwar ƙofa, wani dogon mai gadi ya tare ta, ba fuska, sai inuwa. Mai Gem ya miƙe. Kafin ya kewaye teburin tsakiya, mai gadin ya yi magana.

“Ba in... ba inda za ki, Auta. In kin ta... in kin tafi, wa zai ji ni?”

Muryar Abba ce. Da nauyin harshen, da maƙalewar, da jan numfashin mai kuka a ƙarshe.

Na san ranar. Wata takwas da suka wuce, a ɗakinsa, na matsa masa sai ya faɗa min laifin Mai Gem. Ya ce yaron ba shi da laifi, tsoro yake ji, ya fashe da kuka, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da aka fita da Umma. Wayata tana hannuna a ƙarƙashin mayafi. A lokacin Mai Gem ya fara cewa zai haƙura, wai Abba ya tsane shi. Na danna ɗauka, na tura masa, don ya ji da kunnensa cewa ba ƙiyayya ba ce. Na ce in ya saurara ya goge.

“Kaka ne!” in ji Ƙarama, tana tafi. “Kaka yana cikin gem!”

Yara da saurin gane abu. Muryar ta sake dawowa, tana maƙalewa Babba ta danna, inuwar ta girgiza ta ragu. Ta sake maƙalewa, ta sake dannawa, ya ƙara raguwa, muryar ta ƙara sirancewa. Suka yi dariya, sun gano dokar wasan. Sai a karo na uku Babba ta waiwayo don a yaba mata, ta ga fuskar babanta, ta saki rimot ɗin a kan kafet.

Mai Gem ya rufe kwamfutar.

Na jira yatsan Abba a kafaɗata. Bai zo ba. Sai na ji muryarsa a sama da kaina, a fili, a gaban Manaja, a gaban kowa, karo na farko cikin shekara uku.

“Ta ya... ta yaya ake cin mai gadin?”

Mai Gem ya durƙusa. Ya fara ba da haƙuri, Abba ya ɗaga hannu ya sake tambayar, kalma bayan kalma, gumi yana tsattsafo masa.

“Ana jira harshensa ya sarƙe, Abba, sai a danna. Amma akwai wata hanyar da...”

Abba ya sake ɗaga hannu. Ya gyaɗa kai a hankali, irin yadda yake yi in ya buɗe bayan agogo ya ga aikin gwani.

“Ka lu... ka lura da kyau.”

Yaya ya miƙe tsaye yana huci, yana tambaya uban wa ya ɗauki muryar nan. Gwaggo da ba ta taɓa rasa abin cewa ba ta dafe baki da gefen mayafinta, hawaye suna zubo mata. Na ce ni ce. Ban san muryata za ta fita ba, amma ta fita.

Abba bai dube ni ba. Ya lalubi sandarsa, na kai hannu in tallafe shi kamar kullum, ya janye gwiwar hannunsa. Sai da ya yi yunƙuri uku kafin ya tashi, muna kallo ba mai ikon taɓa shi. Manaja ya sunkuyar da kai har Abba ya shige, sannan ya yi sallama a hankali ya fita, bai ko kalli inda Mai Gem yake ba.

*

Na same shi a bakin get, jakarsa a ƙasa, ya haɗa kai da bango. Rana tana nan da sauranta, yaran layi suna wucewa da keke suna kallonmu.

Ya ce kwafi biyu ne a kwamfutar, mai tsabta da na gwaji, sunayensu kusan ɗaya, gajiya ta sa ya buɗe wanda bai kamata ba. Ya ce haka suke aiki, in ana gina mataki sai a saka duk sautin da ke kusa a riƙe wurin kafin a samu na gaske. Ranar da na turo masa saƙon yana kan ƙofar nan, ya rasa muryar da zai ba mai gadin. Ya ce na kwana ɗaya ya yi niyya.

“Wata takwas,” na ce. “Na ce ka goge.”

“Na cire ta a mai tsabtar, wallahi na cire.”

“Muryar wa ka saka a wurin?”

Ya kau da kai. Na ce ya faɗa min. Ya ce tasa ce.

“Da maƙalewar?”

“Matakin ba ya aiki in babu ita.”

Nan kukan da nake dannewa ya ƙwace. “Wato ka zauna a ɗakinka, ka kunna kukan mahaifina, ka yi ta saurara har ka haddace inda harshensa yake karyewa, sannan ka kwaikwaye shi. Ni ina can ina faɗa da Gwaggo a kanka, ina cewa ba su san ka ba.”

Shi ma hawayen yake. Ya ce ban bari ya ƙarasa ba, Abba ma bai bari ba. Ya ce dannawar nan tarko ce, wanda ya bi ta zai wuce ƙofar amma garin ba zai taɓa haskakawa ba. Hanyar gaskiya ita ce kada a danna komai. In mai wasa ya haƙura ya saurari mai gadin har ya gama maganarsa, da kansa zai buɗe ƙofar, ya karɓi fitilar, su tafi tare.

“Don shi na yi, Malama. Don in ce na ji shi. Duk abin da na taɓa yi babu wanda ya kai matakin nan.”

Abin da ya fi ƙona min rai, na yarda da shi. Na san ba ƙarya yake ba, kuma na san abin yana da kyau. Amma na ga Babba, yarinya mai hankali, wadda take wanke wa kakanta kofi, ko numfashi ba ta ja ba ta danna.

“Wa ka taɓa gani ya riƙe rimot bai danna ba?” na ce. “Mutum dubu nawa za su danna kafin a samu ɗaya mai haƙuri? A shago kana zagin masu leƙen takardar wasu. Su dai junansu suke leƙa. Kai ɗakin Abba ka leƙa, kuma ni na buɗe maka labule.”

Ya ce in faɗi duk abin da nake so ya yi, zai yi.

“Ka goge matakin. Ba muryar ba, matakin gaba ɗaya, da ƙofar da mai gadin.”

Ya buɗe baki. Na ga amsar da ya kamata tana nan a kan harshensa, na kuma ga idonsa ya sauka kan jakar da ke ƙasa. Bai fi ƙiftawa biyu ba, sannan ya ce zai goge. Amma na riga na gani.

Na ce ya tafi gida. Na shiga na rufe get ɗin, na jingina da shi har na ji tashin babur ɗinsa.

Ranar ba wanda ya ci abincin kirki. Yaya ya ƙi yi min magana. Gwaggo ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina, na shirya jin ai na faɗa miki, amma sai ta ce tun suna yara yayanta bai taɓa bari an ga kukansa ba, ko ita. Ta juya ta tafi. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

*

Washegari da hantsi Ƙarama ta zo ta ce Kaka yana kira. Na bar wayata a kan gado, na je na durƙusa a bakin ƙofarsa.

Yana gaban teburinsa, ya yi wanka ya sa farar riga, ba gilashi a idonsa. Na gaishe shi, ya gyaɗa kai. Na fara ba da haƙuri, maganar tana sarƙe min, ina kuka ina cewa ban yi don in tozarta shi ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya turo min wata takarda da aka yago daga littafi.

Rubutun hannun hagu ne, a karkace, ya danna biro har ya huda takardar a wuri biyu. Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da ya ɗauka.

Na ga aikin. Yaron gwani ne. Ya kawo iyayensa.

Na karanta sau uku. Abin da na shekara biyu da wata huɗu ina roƙo ke nan, ga shi a hannuna, kuma ban ma sani ba ko har yanzu ina so.

“Abba, ka faɗa da bakinka,” na ce. “Ko zagi ne ka yi min. Na fasa, wallahi na fasa, ba inda za ni. Ka yi min magana kawai.”

Ya dube ni, ba fushi a idonsa, da akwai da na samu abin riƙewa. Ya jawo littafin, ya daɗe yana kokawa da biron, ya yago ya miƙo min.

Turo min yayanki. Gara ya fara koyo tun yanzu.

Na tashi na kira Yaya. Ya shiga ya tura ƙofar, ni kuma na kasa wucewa, na tsaya a baranda da takardu biyu a hannuna.

Na ji Abba ya faɗi kalma ɗaya. Yaya ya ce, “Na'am, Abba?” Ya sake faɗa. Yaya ya ce ko gilashinsa yake nema. Ya faɗa karo na uku, da ƙarfi, muryar tana rawa, Yaya ya ce ya yi haƙuri ya ƙara maimaitawa a hankali.

Ruwa yake so. Tun a karon farko na ji. Kofin yana bayan rediyo inda nake ajiye masa, na kai hannu kan marfin ƙofar, na kasa murɗawa.